Farar Shadda Ba Fuska

Ba zan taɓa mantawa da liyafar da wani mai masana'antar takalma ya shirya wa kawuna a Guangzhou ba. Ƙarshen shekarun casa'in ne, gidan rediyon da nake aiki ya turo ni ƙaro karatu. Kawu ya zo daga Kano da buƙata ɗaya: hoto da mai masana'antar, domin abokan cinikinsa sun fara raɗe-raɗin cewa a bakin titi yake tsintar kaya.

Laoban (haka ake kiran maigida a can) ya zo da 'yar kyamararsa ta aljihu. Na dube ta a wulaƙance, na ce ya mayar, ta 'yan yawon buɗe ido ce. Na fito da ƙatuwar da na aro, da filashi a kanta.

“Ka dai iya ko, ɗan nan?” in ji Kawu.

“Haba Kawu, ɗan jarida kake tambaya?” (A rediyo, inda ba a taɓa ganin hoto ba.)

Na yi ta murɗa lambobi ina ɗaure fuska, alhali na bar filashin ya yi wa kansa hukunci. Yana da ɗan ido mai auna hasken da ya dawo, da ya ga ya isa sai ya katse. Kawu kuwa farar shadda ya sa, ta sha bugu tana walƙiya, ga madubi bango guda a bayansu. Haske ya dawo tun fuska ba ta samu rabonta ba.

Washegari muka karɓo hotunan a shagon wanke hoto da ke titin Liuhua Lu, a gaban 'yan Maraɗi biyu da suka rako mu. Laoban ya fito dishi-dishi, yana riƙe da hannun babbar riga da hula, wurin fuskar Kawu kuwa duhu. A madubi ga gwiwoyin hannuna, sun fito tsaf.

Kawu ya daɗe yana dubawa.

“Wannan rigar ai kowa a Kano zai ce tasa ce.”

Laoban ya riga ya koma garinsu, jirgin Kawu kuma da yamma. Ɗaya daga 'yan Maraɗin ya tambaya, cikin ladabi, ko zan karanta hoton a labaran rana.

Yanzu in na ga farar shadda, nakan ƙara wa filashi ƙarfi da hannuna. In kuma wani ya fito da ƙaramar kyamara, har matsa masa nake ya ɗauka.