Finjali Goma Sha Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da abin da idona ya fara sauka a kai ba ranar da Baba ya kai ni sansanin 'yan fansho. Wata 'yar ƙaya ce, tsayinta bai kai ƙuguna ba, an nannaɗe ta da ƙananan fitilu masu launi-launi, an kuma kifa mata jar safa a ka. Babu wani tsiro kusa da ita, rairayi ne ko'ina. Daga baya na ji cewa ita ce bishiyar Kirsimetin wata tsohuwar Bajamushiya, Madam Ingrid. A lokacin dai na ɗauka shanyar wani ce iska ta kwaso.

Shekarata goma sha huɗu a lokacin. Ni da Umma mun biyo Baba Qatar ne bayan an ɗan sassauta dokar korona, muka yi kwanakinmu a killace a otal, sannan muka tare a Al Rayyan. Rabin shekarar karatuna ta farko a gida, a gaban kwamfuta na yi shi. Don haka har aka fara gasar cin kofin duniya ban taɓa shiga gidan ɗan ƙasa ba, ban kuma cire takunkumi ba, alhali kowa ya daɗe da jefar da nasa. (Na ce wa Umma saboda mura ne. Gaskiyar ita ce, mai takunkumi ba a cika tambayarsa dalilin shirunsa ba.)

Magana ce ban iya ba, amma ina da lura, kuma ina taƙama da ita a raina. Na san wace malama ce ke sauya agogo daga hannu zuwa hannu idan ranta ya ɓaci. Ina da ɗan littafi da nake rubuta irin waɗannan abubuwa.

Baba gyaran janareta da na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Aikin gasar ne ya riƙe kamfaninsu, ana buga wasan ƙarshe kuwa aka sallami rabin ma'aikata, har da shi. A ƙasar nan takardar zama tana tafiya ne da aiki. Idan bai sami sabon kafil ba, wato wanda zai ɗauke shi ya tsaya masa, sai mu tattara mu koma Gusau, ni kuma in bar makaranta a tsakiyar shekara. Fatansa ɗaya shi ne wani tsoho, Abu Jasim, wanda yake yi wa gyara a sansanin. Ɗansa Jasim yana da kamfani, tsohon kuma ya ce, “Za mu gani, in sha Allah.” Kusan mako guda muna rayuwa a kan wannan magana.

Sansanin yana cikin hamada kudu da Doha, ba nisa da teku. Idan sanyi ya shigo, tsofaffin da suka ajiye aiki sukan ja karaban ɗinsu, wato ɗakuna masu taya, su jera su a can har zafi ya dawo. Akwai 'yan ƙasa, akwai baƙin da suka tsufa a nan. Madam Ingrid da mijinta kuwa daga Jamus suka tuƙo motarsu don kallon ƙwallo. An fitar da ƙasarsu tun zagayen farko, su kuma suka ƙi fita.

Makaranta tana hutu, sai na riƙa bin Baba. Nakan zauna a inuwar motarsa da littafina ina kallo daga nesa. Rayuwarsu ba ta da gaggawa. Da safe su yi tattaki zuwa bakin ruwa, masu sanda a baya. Su dawo su auna hawan jini da na'ura ɗaya da ake yawo da ita daga ƙofa zuwa ƙofa, kowa ya faɗi nasa da ƙarfi kamar sakamakon jarrabawa. Mijin Madam Ingrid ya share rairayi daga kan tabarmarsa, iska ta mayar, ya sake sharewa. Abu Jasim ya yi faɗa a kan ƙarar janaretan maƙwabcinsa, bayan la'asar kuma su zauna tare su buga karta. Matarsa Ummu Jasim tana da tumatir uku a cikin bokiti, tana ba su ruwa da kofin shayi.

Sai gahawa. Kullum ana shan ta a 'yan finjalai marasa mariƙi. A nan ne na yi babbar lurata: duk tsofaffin nan hannunsu yana rawa. Duk wanda ya gama sha ya zo miƙa finjali, sai ka ga hannun yana kaɗawa dama da hagu. Na tausaya musu ƙwarai. Har jeri na yi a littafina mai taken “Masu rawar hannu”, na kai mutum tara. (Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa hannun ba ya rawa wajen rabon karta ba.)

Ranar Asabar, jajibirin Kirsimeti, Madam Ingrid ta gayyaci duk sansanin shan shayi, ta ce lallai Baba ya zo da “yarinyar nan mai littafi”. A ranar kuma Jasim zai zo gaida iyayensa. Umma ta goge mini abaya, ta tsayar da ni a bakin ƙofa.

“Ki gaishe su, kada ki tsaya musu ƙerere. Duk abin da babba ya miƙo miki ki karɓa da hannun dama. Kada in ji an ce kin ce a'a. Kin san abin da babanki yake nema a wurin mutanen nan.”

“To, Umma.”

“Kuma ki sauke wannan tsumman daga fuskarki.”

Ban sauke ba sai da muka isa, shi ma zuwa haɓa kawai.

Maza suna can gefen wuta, mata kuma a ƙarƙashin rumfar motar Madam Ingrid, kusa da 'yar ƙayar nan. Baba ya wuce duba janareta don fitilun suna lumshewa. Mu biyar ne a rumfar: ni, Madam, Ummu Jasim, ƙanwarta, da Anti Mary, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya 'yar Indiya. An jera dabino da biskit mai siffar taurari. Ban taɓa komai ba, don tauna a gaban mutane tana cikin abubuwan da ba na iyawa. Ko karin kumallon kirki ban yi ba.

Ummu Jasim ta ce yau bikin maƙwabciyarta ne, ita da kanta za ta zuba gahawa. Mace ce mai jiki, gwiwoyinta duka biyu suna ciwo. Ta miƙe da ƙyar, ta rataye sandarta a hannu, ta riƙe butar da hagu, finjalai a dama. Ta zuba mini ɗan kaɗan, ko rabi bai kai ba. Ruwan ɗorawa ce, ga ɗaci, ga ƙamshin kanumfari. Na shanye, na miƙa mata finjalin da hannu biyu, a tsaye cak, yadda aka koya mini miƙa wa babba abu.

Ta sake zubawa.

Na shanye, na miƙa. Ta zuba. Sauran matan kowacce ta sha biyu ko uku, hannunsu ya yi rawarsa, aka karɓe finjalansu. Saura ni. A na huɗu na ce, “Shukran,” can ƙasan maƙoshi. Ta ce, “Afwan, binti,” wato ba komai 'yata, ta zuba. A na biyar na ce, “Alhamdulillah,” wanda a gidanmu ma'anarsa an ƙoshi. Ta amsa, “Alhamdulillah,” ta zuba. Na lura ta sauya ƙafar da take dogarawa a kai. Na lura da zufa a gefen hancinta. Na ce a raina, baiwar Allah nan tana son baƙi, ga ciwo amma ta ƙi zama.

A na shida ne Madam Ingrid ta yi gyaran murya. Ta ɗauki wani finjali da babu komai a ciki, ta ɗaga shi saitin fuskata, ta zuba mini ido, ta kaɗa shi da ƙarfi, tana ɗaga gira.

Ban taɓa ganin rawar hannunta ta yi tsanani haka ba. Na ajiye kunyata, na tashi, na je na durƙusa a gabanta, na riƙe wuyan hannunta da hannuwana biyu har ya tsaya. Na ce mata da Turanci kada ta damu, kakata ma haka nata yake yi, man zafi muke shafa mata.

Madam ta ajiye finjalin. Anti Mary ta ja gyalenta ta toshe fuska, kafaɗunta suna motsi. Na ɗauka tausayi ne ya kama ta. Na koma mazaunina ina jin na yi abin kirki, na tarar da na bakwai yana jirana.

A na takwas butar ta ƙare. Na yi hamdala a zuci. Ummu Jasim ta dubi butar, ta dube ni, ta ɗaga murya ta kira mijinta. Sai ga butar maza an kawo, cike, wadda aka dafa musamman saboda Jasim, wanda saukarsa daga mota ke nan ko zama bai yi ba. Maza suka juyo gaba ɗaya don su ga wace ce wannan baƙuwa.

Tara. Goma. Na ga Baba ya taho yana goge baƙin mai da tsumma, ya tsaya, ya dubi Ummu Jasim a tsaye, ya dubi finjalin hannuna, fuskarsa ta sauya. Ban san laifina ba, na dai san akwai shi. Na shanye na goma sha ɗaya. Da na zo miƙawa, ga gahawa a cikin da babu abinci, ga idon mutum ashirin, sai hannuna ya kama rawa da kansa. Na yi na yi in tsayar da shi, ya ƙi.

“Khalas,” in ji Ummu Jasim, wato an gama. “Alhamdulillah.”

Ta karɓe finjalin, ta zube a kujera har ta yi ƙara, ta kama gwiwoyinta tana murzawa. Anti Mary ce ta fara sakin dariyar da ta daɗe tana riƙewa, sauran suka bi.

Baba ya tsuguna kusa da ni. Mamana yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

“Mamana, nawa kika sha?”

“Goma sha ɗaya.”

“Ba ki girgiza ba?”

“In girgiza me?”

“Finjalin. In kin ƙoshi girgiza shi ake yi. In kin miƙa a tsaye, kin ce a ƙara ke nan. Mai zubawa kuma ba ta zama sai baƙo ya girgiza.” Ya dube ni. “Ke da kike ganin komai?”

Na tuna jerin mutum tara. Na tuna man zafi. Na ja takunkumina sama har ya kusa rufe mini ido.

Baba ya je gaban Abu Jasim yana ba da haƙuri da Larabcinsa na wurin aiki, hannu a ƙirji. Na tabbata mun koma Gusau. Har na fara tunanin wa zan bar wa littattafaina. Tsohon ya bar shi ya gama, sannan ya yi magana yana nuna matarsa da carbi, maza suka sake fashewa. Baba ne ya fassara mini daga baya. Cewa ya yi, “Wata uku likita yana roƙon matar nan ta riƙa tsayuwar minti biyar, ta ƙi. 'Yarka ta tsayar da ita minti ashirin. Nawa take karɓa?”

Jasim shayin Madam ya sha a ranar, don abin da ya rage a butar ya huce. Ya tambayi Baba wasu abubuwa a kan janareta, ya je ya duba aikin da kansa. Da zai tafi ya ce a kawo masa takardu ofis ranar Litinin. Ya nuna ni, ya ce, “Yalla, sai Litinin. Amma ita a bar ta a gida, gahawar ofis ba ta da yawa.”

Har yau muna Al Rayyan. Baba yana cewa aikinsa ne ya yi magana. Umma tana cewa tarbiyyarta ce, don ko ba komai ban ce a'a ba. Ni ba na shiga wannan musu. Na yage shafin masu rawar hannu, na kuma gane cewa mai yawan kallo in ba ya tambaya, kuskurensa ya fi na kowa tsari, don shi har rubutawa yake yi.

Darasin kuwa tun a rumfar na fara aiki da shi, ba don hankali ya zo mini ba, sai don finjali goma sha ɗaya ba sa zama a wuri ɗaya. Na daure har na kasa. Motar Madam Ingrid ce mafi kusa, na kuma taɓa jin Baba yana cewa banɗakin karaban yana da maɓallai da abin takawa da ƙafa, wanda bai sani ba yana iya zubar da ruwan mako guda. Na tashi, na je gaban matar da na riƙe wa hannu ɗazu, na sauke takunkumin gaba ɗaya.

“Madam, don Allah zan shiga banɗakinku,” na ce. “Amma ki zo ki nuna mini yadda ake yi tun kafin in shiga.”