Ranar da Na Yafe wa Shugaban Makarantarmu

Ba zan taɓa mantawa da makon da na koma aiki bayan ciwon zuciyata ba, ko da kuwa ina son in manta. Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a unguwar Barade cikin Jalingo, garin bai daɗe da zama babban birnin jiha ba.

A gaban allo abin ya kama ni. Ƙirjina ya yi nauyi kamar an ɗora mini turmi, zufa ta jiƙa ni sharkaf. Bayan an gaji da yawo da ni asibitoci, ƙanena da ke aiki a ƙasar waje ya sa aka kai ni can, aka ɗauki hoton jijiyoyin zuciyar. Likita ya ce babu wadda ta toshe. Har na fara murna, sai ya ce in dakata, bugun zuciya dai na yi shi. Wai jijiya takan matse na ɗan lokaci, jini ya kasa wucewa, tsokar zuciya ta ji rauni, sannan jijiyar ta saki kamar ba ita ba. Ya haɗa ni da magunguna, har da 'yar ƙwayar da zan sa ƙarƙashin harshe in ƙirji ya riƙe.

Da na dawo na gaya wa mutane ba a ga toshewa ba. Kafin maganar ta isa makaranta ta zama "ba a ga komai ba". Shugabanmu, Malam Bappa, ya tarbe ni da cewa tunda Turawa ma sun duba ba su ga komai ba, ga azuzuwana nan yadda na bar su. Na kuma ji ana raɗe-raɗin ya nemi a turo wata a madadina. Ga yara, ga haya. Sai na karɓi aikin duka ina murmushi (alhali daga ƙofar makaranta zuwa ɗakin malamai sai na tsaya gindin mangwaro ina yi kamar gyaran takalmi nake).

Ranar Alhamis aka kira taron malamai. Ban karya ba, don haka na tura ƙosai mai yaji a tsaye, na kora da lemon kwalba. Ana tsakiyar maganar jarrabawa na ji ƙirjina ya ɗaure. Na laluba jaka, ƙwayar tana gida. Na ce a raina shi ke nan, mutuwa ta zo. Na sulale ƙasa.

Madam Rifkatu, aminiyata mai koyar da lissafi, ta tallabe kaina tana yi mini fifita da ɗankwalinta. Na ba ta amanar 'ya'yana. Da na tsaya nan da ba komai. Amma na ɗaga ido na ga Malam Bappa tsaye a kaina, na ga bai kamata in tafi da shi a zuciya ba.

Na ce, "Yallaɓai, na yafe maka. Duk rashin tausayinka, da ƙulle-ƙullen da kake yi a kore ni, na yafe."

Aka kama ni za a ɗaga zuwa mota, sai wata gyatsa ta taso, doguwa, mai amo, wadda ban san cikin mace zai iya ɗauka ba. Nan take ƙirji ya saki garau. Na zauna a siminti, kowa na kallon silin.

Malam Bappa ya gyara hula ya ce a hankali, "To Malama, yafiyar tana nan, ko ta fita tare da iskar?"

Rifkatu dai ba ta yi dariya ba (sai daga baya). Ta tilasta aka kai ni asibiti. Likitan ma bai yi ba. Ya ce mai irin ciwona gara ta zo a kan iska da ta zauna gida a kan zuciya, ya yi mini faɗan barin ƙwaya, ya kuma aika wa makaranta cewa rabin yini zan riƙa yi har in yi ƙarfi. Aka rage mini azuzuwa, maganar canji ta mutu.

Yanzu in ƙirji ya riƙe, asibiti nake nufa, bakina a rufe. Kalaman ban kwana kuwa, mutum ya tabbata tafiyar zai yi kafin ya furta su, don shekaru na ƙara yi a ƙarƙashin mutumin nan, kullum da safe sai na rusuna na gaishe shi.