Ranar da Na Kai Faɗa Argungu

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da wata Talata a Argungu ba. Har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ba kowa nake jin haushi ba sai kaina.

A lokacin ni ne mataimakin shugaban wata sakandare a Birnin Kebbi, ina zaune a unguwar Badariya, ga babbar riga ga babbar murya. Akwai malamar lissafi a ƙarƙashina, Malama Saratu, Kirista ce daga wajen Filato. Da mijinta ya rasu aka fara raɗe-raɗin ƙanjamau ce ta kashe shi, ni na ja gaba wajen ƙuntata mata. Na sa aka fitar da teburinta daga ɗakin malamai zuwa baranda, wai don ta sha iska. Ba ta ƙarasa zangon ba ta ajiye aiki. (Har bugun ƙirji na yi a majalisa, wai na tsabtace makaranta. Allah Ya yafe mini.)

Bayan 'yan shekaru sai ga ni ina zubewa. Zawo, zazzaɓi, farin abu a baki kamar na sha kindirmo ban kurkure ba. Aka gwada jinina aka faɗa mini gaskiya, ƙanjamau ce, na ce injinsu ne ya lalace. Na fi shekara ina jigila wurin wani mai magani a ƙauye, wanda ya rantse mini sammu ne. Na sha saiwa, na sha ɓawo, na yi hayaƙi har gemuna ya yi ƙauri. Mutumin nan da zan gan shi yau... a bar maganar kawai.

Da na ga kabari ya fara yi mini sallama, kuma na ji an soma ba da maganin cutar a asibiti, sai na yi dabara. Ba zan karɓa a garinmu ba, inda kowa ya san ni. Na hau mota zuwa Argungu, na naɗa rawani har hanci, na ƙwama baƙin tabarau, na ce a rubuta Garba Gulma, manomin shinkafa. (Manomi da biro uku a aljihu!)

Likita ya dubi sakamakon jinina, ya dube ni. Ya ce, "Malam, garkuwar jikinka saura ƙiris. Ina ka tsaya?" Ya fara ba ni wata ƙwaya ta kare ni daga ƙananan cututtuka, bayan mako biyu ya rubuta mini maganin gaske, ya tura ni ɗakin da ake yi wa sababbin shiga bayani.

Ina ɗaga labule, wa zan gani? Malama Saratu. Ta yi ƙiba, ta yi fes. Ashe ita ma maganin take sha, kuma ta koma taimaka wa masu farawa. Ba ta nuna ta san ni ba. Ta daɗe tana bayani, amma wallahi ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnena ba. Ni dai ina ta jan rawani, ina maƙe murya, ina cewa, "Awo. To. Awo."

Mako uku da fara magani jikina ya rikice. Zazzaɓi ya fi na da, ga wata kaluluwa ta fito mini a wuya kamar goruba. Ina kwance sai wayona ya ba ni amsa: matar nan ta gane ni, ta musanya mini magani don ta rama. Na watsar da ƙwayoyin. Maiɗakina, wadda na yi ta gaya wa taifot ke damuna, ta roƙe ni kada in fita a haka. Na daka mata tsawa na kama hanya. Don tsabar fushi, a mota na bar rawanin.

Da na isa asibitin na tarar da bencuna cike da masu jiran layi. Na tsaya tsakiyarsu na buɗe murya irin ta taron ɗalibai.

"Ina Saratu? Ki hito! Guba kinka ba ni don ki rama! Kin san ko ni wane ne?"

Babu wanda ya tambaye ni, amma na faɗi sunana na gaskiya, da na mahaifina, da unguwarmu, da makarantarmu, har da matakin albashina. Wata tsohuwa ta dafa ta kusa da ita ta ce, "Ashe ba Garba na ba?"

Malama Saratu ta fito ta harɗe hannu. Na tattare babbar riga na aza a kafaɗa irin na mai shirin dambe, na ɗaga hannu biyu ina nuna mata wuyana. To, wandon nan tun ina da teɓa aka ɗinka shi, tazugen kuma ya gaji da riƙon abin da babu. Sai ji na yi iska tana kaɗa ni. Wando ya sauka har idon sawu, ga ƙafafu nan biyu kamar karan dawa a gaban jama'a.

Can wani dattijo mai kama da masunci ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, kama wanga tukuna. Hwaɗan ba shi gudu."

Dariyar da aka yi, har da masu tari.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta jira na ɗaure wandona, ta tura ni ɗaki ta rufe ƙofa.

"Tun ranar farko na gane ka, Malam," in ji ta. "Muryar da ta kore ni baranda ce zan manta? Kuma in kashe ka nake so, me zai sa in wahala? Ai ka kusa gama aikin da kanka. Sau biyu na gaya maka: wanda ya fara magani garkuwarsa ta yi ƙasa sosai, in ta soma farfaɗowa takan tashi faɗa da cututtukan da suka ɓuya a jiki, sai ya ji kamar ciwo ya ƙaru. Na ce kada ka daina sha, ka dawo da wuri. Ka daina?"

Na ce, "Kwana huɗu."

Ta bugi tebur har biro ya yi tsalle. "Matarka fa, ta sani?"

Na ce, "Ba ta sani ba."

"To wannan ne abin kunya, ba wando ba."

Ranar aka ba ni gado. Aka gano tarin fuka ne ya ɓuya a kaluluwar, likita ya haɗa mini magunguna, da ƙyar na sha. A kan gadon nan na faɗa wa maiɗakina gaskiya. Ta dube ni ta ce, "Shekara guda kana sa ni dahwa maka saiwa?" Wata guda ba ta ƙara ce mini uffan ba, abinci kawai take dangwarar mini. Da aka gwada ta, ita ma tana da ƙanjamau, amma garkuwarta da sauran ƙarfi, ba ta taɓa kwanciya irin tawa ba. Da na ci gaba da ɓoyewa fa? Wannan tunanin shi ke hana ni yafe wa kaina.

Da na samu ƙafa na je na roƙi Malama Saratu gafara. Ta ce, "Na ji. Je ka sha maganinka." Iyakar abin da na samu ke nan, kuma ya fi abin da na cancanta.

Labari kuwa ya riga ni isa Birnin Kebbi. A majalisa wasu suka daina miƙo mini hannu. Ya ƙona mini rai, amma wa zan kai ƙara? Karatun da na koya musu ne suka biya mini.

Ga ni nan dai da raina, teɓa ma ta dawo. Shawarata ga duk mai girman kai irina: in ana yi maka bayanin da zai ceci ranka, saurara da kunne biyu. In kuma ka ƙi ji, ka ce sai ka tafi faɗa, to don Allah fara duba tazuge.