Motar Yumɓu a Ƙwaryar Goro

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren yayana Abdu ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke cikin kan nan nawa. Har yau in na ji sanƙira ya ɗaga murya ya ce a buɗe goro sai gabana ya faɗi, alhali yanzu auren jikokina ake ɗaurawa.

Ina goye Nasara suka ci Sakkwato, amma sai da gemu ya fara tsiro mini sannan na ga mota da idona. Ta Razdan ce, babban Baturen lardi, baƙa wuluk, doguwar ƙafa, da rumfar tamfol da fitilu biyu a goshi. Direba ya murɗa wani ƙarfe a gabanta, ta yi tari, ta girgiza, mutane suka watse suna salati. Ni kuwa na tsaya baki sake. Tun ranar hankalina ya bar jikina. Sai in ce na tafi ɗaukar karatu, in zarce hanyar Bariki in raɓe a gindin bishiya ina ƙare mata kallo: yadda ƙarfen saman ƙafarta ya lanƙwasa, yadda taya ta biyar ke maƙale a baya. (Motocin yanzu kada ma a yi mini zancensu, duk sun zama kamar sabulu. Na da su ne masu fuska.)

Matsalar ita ce gidanmu gidan malamai ne. Baffa, mahaifinmu, ko sunan mota ba ya kamawa, sai dai ya ce "abin can nasu". Don haka a ɓoye na fara ƙera tawa. Ta farko da karan dawa na yi ta, akuya ta cinye. Ta biyu gara ta gama da ita. A ta uku na ce ba za a sake ba, na samo yumɓu wurin masu ginin tukwane. Na fafe ƙafafu da sakaina, na yanko fitilu daga gwangwanin kananzir, na naɗa sitiyari da kaba, har rumfa na gina mata siririya. Wallahi ta yi kyau, ba don ni na yi ta ba. Masu tukwane sun gargaɗe ni cewa ɗanyen yumɓu in ya bushe da gaggawa tsagewa yake yi, sai an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma a wuri mai sanyi. Na sa ta a ƙwarya, na lulluɓe, na kife faifai, na tura bayan randa a ɗakin Goggo, ƙanwar Baffa. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, goro ma haka ake ajiye shi, kuma a wurin.

Auren nan kuwa ba da sauƙi aka same shi ba. Uban yarinyar, Malam Bube na Kwalkwalawa, manomin shinkafa ne mai karatu da taurin kai. Ƙanensa ya rasu ranar da Nasara suka shigo gari, tun daga nan in ya hangi ko da malafar Bature ce sai ya juya baya. Ya hana mutane da yawa 'yar tasa. Abdu har ya rame saboda ita. Da ƙyar tsohon ya yarda, kuma a gaban mutane ya faɗi dalilinsa: gidanmu gida ne da ba ruwansa da kayan Nasara.

Da safiyar ranar Baffa ya ce in ɗauko ƙwaryar goro a gefen randa in biyo su. Na tsaya naɗa rawani (wai ni ƙanen ango), har suka yi nisa. Ashe Goggo ta yi shara ta jawo ƙoren biyu ta jera su wuri ɗaya, kowace da faifanta. Na suri ta kusa, na ji nauyi daidai, na aza a ka. Haka na ratsa fadama da ita ina taƙama, ina amsa gaisuwar mutane, har na dire ta gaban liman a ƙofar gidan Malam Bube. Na koma can baya na harɗe cikin samari.

Sai da liman ya fara huɗuba idona ya sauka kan ƙwaryar. Wani shuɗin ƙyalle ya leƙo ta ƙarƙashin faifai. Na san ƙyallen nan. Hannun tsohuwar taguwata ne, ni na yage shi da haƙorina.

Jama'a, tsoro iri-iri ne, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Gumi ya karyo mini tun daga cikin rawani har tafin ƙafa. Na ce in tashi in sure ta in ruga, to tsakanina da ita akwai sahun dattawa, ƙetare su kaɗai ya isa abin magana. Na roƙi Allah ya kawo hadari, alhali rani ne tsababa. Na roƙi ƙudan zuma. Limamin nan an san shi da dogon wa'azi, kullum gunaguni muke yi, amma ran nan ni kaɗai nake fatan kada ya gama har la'asar. Shi kuwa kamar an aiko shi, ya taƙaita. Waliyyai suka yi nema da bayarwa, aka shafa fatiha. Ina shafawa ina tuna Abdu yana can gida ya sha wanka yana jiran albishir.

Sanƙira ya matso da rawar jiki, ya yi kirarin gidajen biyu, ya ɗage faifai, ya yaye tsumma.

Kowa ya miƙa wuya. Ga motata nan zaune tsakiyar ƙwarya, fitilunta na ƙyalli a rana.

"Wanga kuma mi na?" in ji liman.

Wani daga gefe ya ce ai abin hawan Razdan ne, ya taɓa ganinsa a birni. Nan take aka ɗauki a'uziyya. Wani tsoho ya ce wannan ba banza ba, sammu ne, maƙiya ne suka musanya goron don su ɓata auren. Maganar ta zauna wa kowa. Har Baffa na ga yana gyaɗa kai yana motsa baki da addu'a. Kun ga Allah ya kawo mini mafita har inda nake zaune. Ba wanda ya dube ni. Abin da ya rage mini kawai in ja bakina in yi shiru, in ma taya su tsine wa maƙiya.

Liman ya ce a ɗauke ta a jefa a masai. Sanƙira ya naɗe hannun riga, ya kai yatsu biyu, ya kama ta ta rumfa. Rumfar da na fi shan wahala a kanta! Na ga ta fara lotsawa. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, sai dai na ji muryata ta cika fili:

"Kak ka kama ta nan, ba ta bushe ba! Tallabo ta ta ƙasa!"

Da ƙasa tana tsagewa don kunya, da tuni an yi sadakar bakwai ɗina. Duk rawunan wurin suka juyo gare ni. Sanƙira kuma, don ya ƙarasa ni, ya bi umarnina ya tallabo ta da hannu biyu.

Malam Bube ya ce a miƙo masa. Ya daɗe yana juya ta, ya sa ɗan yatsa ya murza ƙafa ɗaya, ta juya. Ya tambaye ni ko ni na yi ta, na ce ni ne, Allah shi gafarta Malam. Sai ya dubi Baffa.

"Malam, ba kai kac ce min gidanka babu ruwanshi da kayansu ba?"

Baffa bai ɗago ba. "Haka nis sani, har yau da sahe."

Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Mutumin da ba a taɓa kama shi da magana biyu ba, ga shi ya sunkuyar da kai gaban jama'a saboda ni. Na tabbata Malam Bube zai ce Abdu ya sawwaƙe wa 'yarsa tun ba ta tare ba, kuma na san in ya faɗa ba mai tanƙwara shi. Ya sake duban motar da ke hannunsa.

"An riga an shahwa hwatiha," in ji shi. "Abin da Allah yaƙ ƙulla, laka ba ta kwance shi. Amma ɗiyata da goro aka aurenta." Ya miƙo mini motar. "Tunda kana da abin hawa, hau ka tai birni ka ɗauko muna."

Dariyar da aka yi har matan cikin gida sai da suka leƙo ta katanga. Haka na kama hanya da ƙafa cikin tsakar rana, rawani ya warware, mota a hannu, kowa na haɗu da shi sai ya tambaye ni ina goro. Kafin in kai gulbi rana ta tsaga ta gida biyu. Na dawo da goron bayan azahar, dattawa na nan zaune ba wanda ya tafi, don kowa yana son ya ga dawowar direba.

Aure dai ya zauna, har suka haifi 'ya'ya takwas. Baffa bai sake yi mini magana mai daɗi ba sai da kaka ta yi. Sunan Direba kuwa ya bi ni har yau, ni da ban taɓa riƙe sitiyarin gaske ba.

Ban daina ƙera motoci ba, kada in yi muku ƙarya. Abin da na koya dai shi ne, in mutum zai ɓoye abin da yake so, rufe ƙwarya ba ya isa. Ni faifai bai ci amanata ba, bakina ne ba shi da murfi.