Silin ɗin Malam Ilu Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa biyu da suka rasa mafaka, Malam Ilu mai gyaran agogo na unguwar Mandawari yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa kawo masa agogo gyara, rasuwar silin ɗin ɗakinsa, wanda ya faɗi ranar Talata da hantsi yana da shekara bakwai da wata huɗu a duniya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Marigayin ya cika a gaban mai shi, bayan doguwar jinyar da ya ɓoye wa kowa, kamar yadda ya saba ɓoye komai.

Ga wanda bai san gidan ba: gidan gado ne, ginin ƙasa, bene hawa ɗaya da mahaifin su Malam Ilu ya gina da azara tun kafin a kawo lantarki layin. Malam Ilu, wanda shi ne babba, yana ƙasa da matarsa 'Yardada. Ƙaninsa Nata'ala, mai sayar da yadi, yana sama da matarsa Luba da 'ya'ya biyar. Tsakanin hular Malam Ilu da tafin ƙafar Nata'ala babu komai sai jerin azara da daɓe.

Ƙara ce ta haifi marigayin. Sana'ar Malam Ilu ta kunne ce, shekara arba'in yana kara agogo a kunnensa ya faɗi ciwonsa kafin ya buɗe shi. To sai Luba ta kama sana'ar dakan yaji. Tun daga hantsi turmi ke aiki a bisa kansa, ga keken ɗinki, ga yara suna tsere kamar an saki awaki. Wata rana wata ƙaramar ƙusar agogo ta yi tsalle daga kan tebur saboda dukan tabarya, aka wuni ana nemanta da maganaɗisu. Matakala goma sha huɗu ce kacal tsakaninsa da ƙaninsa, da ya hau ya yi magana da an wuce wurin. Amma ina! Cewa ya yi babba ba ya hawa bene ya roƙi ƙaninsa, ya aika aka kira Mamman kafinta.

Mamman ya yi aiki, ba a raina masa ba. Ya kafa katako taƙi biyu ƙasa da azara, ya cusa soson tsofaffin katifu uku a tsakani, da kwalin ƙwai, da buhunan algarara, ya rufe da farin allo ya shafa fenti. Da ya buga ƙusa ta ƙarshe, ɗakin ya yi tsit har Malam Ilu ya ji bugun agogon da ke aljihun kafintan. 'Yardada ta ɗaga kai ta dubi jaririn, ta raɗa masa suna Kurma.

An shaidi marigayin da haƙuri da rufin asiri. Bai taɓa ɗaukar maganar sama ya kawo ƙasa ba, bai taɓa ɗaukar ta ƙasa ya kai sama ba. Ya haɗiye tabarya, ya haɗiye keken ɗinki, ya haɗiye kukan jarirai biyu da aka haifa a kansa. Ranar suna mata talatin suka yi guɗa a bisa ƙirjinsa, ko tari bai yi ba. Malam Ilu ya ƙaunace shi, ba ya ɓoyewa. Duk Juma'a da kansa yake hawa kujera ya share masa yanar gizo, in baƙo ya zo kuwa sai ya ɗaga yatsa ya ce a saurara, a ji yadda babu abin ji.

Sai dai yabon mamaci ba ya hana a faɗi gaskiya, kuma mai makokin ne da kansa ya ce a faɗa. Mahaifinsu ya bar musu wata al'ada. In an kira la'asar, wanda ke sama zai buga sanda sau uku a daɓe, na ƙasa ya amsa da biyu a jikin azara, sannan su fito tare zuwa masallaci. Da tsohon ya rasu, Nata'ala ya gaji benen ya gaji sandar, ba a taɓa fashi ba. Ranar da aka gama silin, Malam Ilu ya zauna da tasa sandar a hannu yana jira. Ladan ya kira, ya gama, shiru. Washegari ma shiru. Nan take ya yanke hukunci: yaron nan fushi yake don an toshe masa ƙara, to ya ji da fushinsa. Mutumin da ke jin numfashin agogo bai kawo a ransa cewa abin da ya haɗiye tabarya zai haɗiye sanda ba. Kai, girman kai ma wata irin kurumta ce. Daga ranar kowa ya kama hanyarsa zuwa masallaci, gaisuwa ta koma ta maƙwabta, an wuni lafiya, lafiya lau. Ba a yi shekara ba Nata'ala ya fasa tasa ƙofar ta lungu.

Daga nan abubuwa suka riƙa hawa sama. Malam Ilu ya ga buhunan siminti sun hau, aka zuba a kan tsohon daɓen ƙasa aka manna tayil. Ya ga ƙaton tankin ruwa ya hau da igiya, ƙarti shida suna nishi. Ya san ginin mahaifinsa, ya san abin da azara za ta iya ɗauka, amma ya kau da kai ya ce ba ruwansa. Duk kukan da azarar ta yi a shekarun nan, marigayin ne kaɗai ya ji, kuma bai faɗa wa kowa ba.

Jinya ta fara bayyana a daminar bara, da wani tabo ruwan ɗorawa a kusurwar gabas. 'Yardada ta ce ruwa ba ya tsami banza, a kira Mamman ya leƙa. Malam Ilu ya sayo fenti ya shafe tabon. Bana sai cikin marigayin ya fara kumbura, ɗakin ya ɗauki warin rima, ƙwayoyin ƙasa suka fara bayyana a kan tebur kowace safiya. A makonsa na ƙarshe ne ya yi magana karo na farko a rayuwarsa. Cewa yake, ɗis, ya yi shiru, ya sake cewa, ɗis. Ranar Litinin ya ƙara da wata doguwa, ƙiiiƙ, irin ta tsohuwar ƙofa. Ranar Talata, Malam Ilu ya tashi ya je bakin ƙofa don ya duba wani agogo a haske, sai ya ji rim a bayansa. Da ya waiwaya, kujerar da ya tashi daga kanta ba ta nan, sai tulin jiƙaƙƙen soso da baƙin ruwa da gara tana ta wutsil-wutsil.

Ba gawar ce ta tsinka wa mutane zuciya ba, abin da ta bari a buɗe ne. Ashe famfon tankin ya daɗe yana yoyo ta ƙarƙashin tayil, soso yana shanyewa, gara tana biki a cikin duhu. Babbar azarar tsakiya, wadda sauran suka ɗora kai a kanta, ta dare daga bango har kusan rabi. Mamman kafinta ya zo ya ɗaga kai, ya cire hula, ya fita da baya da baya. Da ƙyar aka lallashe shi ya koma ya tokare ta da katako biyu. Ya ce kada a kira wannan gyara, jinkiri ne kawai, ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ko dukan turmi ɗaya ya isa ya sauko da benen gaba ɗaya.

Malam Ilu yana tsaye a tsakar ɗakin yana kallon tsagar aka kira la'asar. Ladan bai rufe baki ba sai ga shi daga sama, daidai kan azarar da ta dare: ƙwan, ƙwan, ƙwan. Kowane bugu da garin itacen da yake zubo masa a kafaɗa.

Ya yi kuka, kuma ya ce a rubuta, ba ya jin kunya. Ya rarumi sandarsa daga bayan ƙofa zai amsa, 'Yardada ta riƙe masa hannu ta nuna masa tsagar. Daga baya ta ji a bakin Luba cewa maigidanta bai taɓa dainawa ba. Shekara bakwai, in dai yana gari, sai ya buga, ya tsaya ya saurara, sannan ya sa takalmi ya fita shi kaɗai.

A yammacin nan Malam Ilu ya zagaya ta lungu ya hau matakalar da ya ƙi hawa, ya yi sallama, ya faɗi abin da ya gani, ya roƙi ƙaninsa ya kwashe iyali ya sauko. Nata'ala ya saurare shi a tsaye a bakin ƙofa, bai ce ya shigo ba.

"Yaya, shekara bakwai ina bugawa ba ka amsa ba," in ji shi. "Sai yanzu da dillalai suka fara zagaya layinmu suna neman gidan da za a rushe a yi shaguna ka tuna akwai mutum a sama? Gidan Baba ba ya faɗuwa, kuma ba na sauka."

An rantse masa, ya ƙi. An ce ya zo ya gani da idonsa, ya ce ɗakin da aka toshe don kada a ji shi ba zai taka ba. Ya hana Luba da yara kwashe ko tsinke. Malam Ilu ya sauko, ya nemi wata kujera ya ajiye a ƙarƙashin azarar, ya zauna, ya ce in ban da salla ba abin da zai tashe shi daga nan sai ƙaninsa ya shigo ya ɗaga kai. 'Yardada ta yi magiya har muryarta ta dushe. Liman ya zo ya yi nasiha daga bakin ƙofa. Jinin ɗaya ne, taurin kan ma ɗaya ne. Ranar Talata yatsa ɗaya ke shiga tsagar. Jiya Laraba, bayan bugun la'asar, biyu suka shiga har da saura.

Marigayin ya rasu ya bar katako biyu masu tokara, ɗaya ya fara lanƙwasa. Ya bar tanki cike da ruwa. Ya bar turmi da tabarya. Ya bar mutum bakwai a sama, ƙaramarsu Ikram tana rarrafe ne, kuma an ce ta fi son tsakiyar ɗaki don tayil ɗin wurin ya fi sanyi. Ya bar dattijo ɗaya a ƙasa da agogo arba'in, duk ya saita su suna tafiya daidai. Ya kuma bar hadarin da ya kwana biyu yana haɗuwa a gabas bai zuba ba.

Za a yi jana'iza yau Alhamis bayan sallar azahar. Ba za a yi wa marigayin salla ba, liman ya ce kada ma a soma, za a dai loda shi a baro a kai shi bola. Ba za a yi zaman makoki a zauren gidan ba. An shimfiɗa tabarmi a ƙetaren layi, gindin darbejiyar Alhaji Ado, mata kuma su wuce gidan Hajiya Hauwa. Ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya jingina da bangon gidan, kada a kafe babur a gindinsa, maƙwabtan da katangarsu ta haɗu da tasu kuma su janye yaransu. Ana roƙon Luba, don Allah, ta kwance famfon tankin ya tsiyaye a kwata, ta bar turmi ya huta, ta goyo Ikram ta sauko ta'aziyya da sauran yaran duka, ko da mayafi kaɗai.

Ba za a ɗaga gawar daga inda ta faɗi ba sai ɗan'uwa mafi kusa ya shigo ɗakin ya sa hannu. Duk Mandawari an san Nata'ala, shekara talatin ba a yi rasuwa a unguwar nan an riga shi kama makara ba, ko ta wanda ba sa ga maciji. Ba a tsammanin zai fara fashi a kan ta gidan ubansa.

Malam Ilu yana nan zaune inda aka bar shi, da sanda a kan cinyarsa. Ya ce a sa wannan a ƙarshe, kada a canza ko kalma ɗaya: "Nata'ala, na ji. Jiya na ji, shekaranjiya na ji. Don darajar Baba, yau kada ka buga. Ka sauko da ƙafarka in amsa maka da bakina."

Ana kiran la'asar ƙarfe huɗu saura kwata.