Ranar da Ɗan Yatsana Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙa ɗan yatsana da kaina ya yi mini tonon silili ba. Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Yelwa, kuma a lokacin an san ni da abu ɗaya: dangana. Ƙanena Sanusi yana cikin waɗanda jirgin ruwa ya kife da su a hanyar kasuwar tsallake. Har aka share makoki ban zubar da hawaye ba. Mutane suka ɗauka suka yayata, har liman ya buga misali da ni. Inna kuwa cewa take in ta dube ni sai ta ji ƙarfi. To ka ga ke nan kuka ya haramta gare ni, don in na rushe, ita ma ta rushe.

(Gaskiyar magana, ba dangana ba ce. Da an tashi makaranta sai in kulle kaina a ɗakin kwamfuta in yi ta wasan tseren mota har la'asar sakaliya. Muddin ina tuƙi, ba na tunani.)

Ana haka sai ga Hadiza, tsohuwar ɗalibata da ke jami'a, ta zo ajina da kayan bincikenta. Tana auna yadda jiki ke nuna wahalar ƙwaƙwalwa da ta zuciya idan mutum yana wasan kwamfuta: wani abu kamar maƙalin shanya a ɗan yatsa don bugun zuciya, da wayoyi a tafin hannu don gumi. Ta nemi wanda zai fara, yara suka noƙe. Ni da ba a tambaye ni ba na ja kujera, har da cewa, "Ku matso ku ga zuciyar maza." Ni ne ma na ce a haɗa da majigi a haska a bango, don na baya su gani.

Hadiza ta ce, "Malam, kafin wasa sai mun auna ka kana hutawa. Ka rufe ido, kar ka motsa hannu, kar ka yi tunanin komai."

Kar in yi tunanin komai! Rabona da zama shiru ba abin yi tun ranar da aka tsamo Sanusi. Ajin ya yi tsit. Can daga bakin ruwa na jiyo ƙarar injin jirgi, irin wadda nake ji kullum ban kula ba. Sai ga Sanusi a idona, da hularsa a karkace, yana ce mini zai taho mini da busasshen kifi.

Na ji yara sun fara ƙus-ƙus. Na buɗe ido kaɗan, na ga layin bugun zuciyata da ke bango yana ta tsalle kamar tarwaɗa a kwando. Hadiza, baiwar Allah, ta ce wataƙila waya ce ta kwance. Ta gyara, ta kunna mini wasan. Ina fara tuƙi layin ya kwanta lumui. Ta ƙura wa layin ido, ta ce:

"Ikon Allah. Kowa nasa hawa yake in an fara wasa, na Malam sauka ya yi. Bari mu sake na hutun."

Da ina da wayo da na ce fitsari nake ji. Amma girman kai ya sa na sake rufe ido. Wannan karon ba layi kaɗai ya tashi ba. Kuka ya ƙwace mini, ba irin na manya mai ɗigon hawaye ba, irin mai sauti da majina. Abin takaicin, saboda an ce kar in motsa hannu, ban motsa ba. Haka na zauna ƙiƙam, hannu a shimfiɗe bisa tebur, ina rusa kuka cikin biyayya, zuciyar maza tana rawa a bango kowa na kallo.

Kunyar yara ba ta kai tsoron Inna ba, don rabin ajin 'yan unguwarmu ne. Na san labarin zai riga ni isa gida, ya kuwa riga ni.

Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba.

"An ce ka yi kuka gaban ɗiyan mutane."

"Inji ne ya samu matsala, Inna."

"Injin ne ya yi majina?"

Na tsaya ina jiran ta rushe. Sai ta ture faifan gefe.

"Ni da nike shiga makewayi in yi nawa, don kar ka gani ka ce uwarka ta kasa abin da ɗanta ya iya. Ashe wahal da juna mukai ta yi. Zamna nan."

Na zauna. Ranar ba a ci tuwo da wuri ba a gidanmu.

Har yau in na shiga aji akwai mai tari yana cewa "zuciyar maza", ni kuma in yi kamar ban ji ba. Abin da na koya shi ne, za ka iya rufe gari guda har da liman, amma ɗan yatsanka bai san sirri ba. In kuma aka ce wa zai fara, ka bar yara su fara.