Bindigar Hajiya Lami da zariyar wandona

Shekarar da soja suka miƙa mulki, 'yan fashi suka hana Agege sakat. Hajiya Lami, matar marigayi aminina, ita kaɗai ce a gida, kuma har an taɓa ɓalle mata ƙofa. Ta ce in raka ta wajen wani maƙeri a Mushin ta sayi bindiga, tunda kullum ina cika baki cewa ubana soja ne. Ban gaya mata kuku ne a bariki ba.

Ta nuna wata 'yar ƙarama mai shiga jaka.

Na ce, "Haba Hajiya, wannan ai ta wasan yara ce! Ɗauki wadda ɓarawo zai gani ya yi salati."

Na zaɓo mata wata mai nauyin taɓarya, na soke a ƙuguna.

A hanya 'yan sanda suka tare danfonmu, motar hayar da muka shiga, suka ce kowa ya sauko, hannu sama. Lokacin, wanda aka kama da bindiga ba lallai ya ga kotu ba. Ina ɗaga hannu zariyata ta tsinke, wando ya zube, bindiga na ciki.

Hajiya ta yi wuf ta wurga mayafinta a kai. "Oga, ku rufa wa tsoho asiri!"

Suka bushe da dariya, suka kore mu. Na tattare wando da bindiga na rungume.

Washegari ta koma ita kaɗai ta canjo ƙaramar. Har yau in na gifta sai ta ce, "Ɗan soja, an ɗaure da kyau?"